Ɗumin Wuyan Hannu

Shekarar da rana ta yi husufi ce. Ina tuna ta saboda ranar an bar mu mun fito daga sito da tsakar rana, muka tsaya a wurin ajiye motoci a gefen titin Wendover, kowa da tabarau na kwali a fuska. Gari ya yi duhu-duhu kamar hadari ya haɗo, tsuntsaye suka yi tsit. Ni salati nake yi, abokan aikina suna ihu suna ɗaukar hoto. A jikin tabarau ɗin akwai ƙananan rubutu. Na tsaya na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya har na fitar da kalmar rana da Turanci. Ba wanda ya lura. Shekaruna arba'in da tara a lokacin, wata goma sha ɗaya ke nan da na fara koyon karatu.

Ajin manya muke zuwa ranar Asabar da safe, mu tara. Malamarmu Baturiya ce, tsohuwa siririya da ta haura saba'in, ta yi ritaya daga koyar da 'yan firamare. Tun ranar farko nake kiranta Malama. Ta tambaye ni ma'anarsa, na gaya mata, ta ce ya fi sunanta daɗi, kada in canza. Idan na tsaya a kan kalma ba ta faɗa min. Naɗe hannu take yi ta jira, ko da minti biyar zan yi.

A gida ban yi boko ba. Gareji aka kai ni tun ina ƙarami, na tashi bakaniken manyan motoci. Lamba kam na san ta, ta sifana da ta taya da ta allurar zafin inji. Baƙaƙe ne suka gagare ni. Da muka zo Greensboro matata ce ta zama idona. Ita ta yi sakandare, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Shekara goma sha huɗu duk takardar da ta shigo gidanmu sai ta kwanta a kan tebur har matata ta dawo daga aiki. Ba ta taɓa goranta min ba. Amma ranar da na shiga aji na yi wa kaina alkawarin ba zan ƙara miƙa mata takarda ba.

Bayan husufin da mako biyu Malama ta tsayar da ni da aka tashi daga aji. Da Turanci muke magana, ita da nata mai laushi, ni da nawa mai ɗingishi. Ta ce za a yi mata tiyata a ƙugu, za ta yi mako biyu ko uku ba ta gida, tana neman wanda zai riƙa leƙa mata. Na ce an gama. Dama nakan je in yanke mata ciyawa.

Ta ce, "Ba ciyawa kaɗai ba ce. Akwai wadda ban taɓa nuna maka ba."

Gidanta yana Pleasant Garden, kudu da gari, inda tsakanin gida da gida sai ka yi tafiya. Ban taɓa wuce baranda ba sai ranar. Ta kai ni wani ƙaramin ɗaki a baya mai ɗumi. A kan doguwar kanta akwai akwatin gilashi, da fitila a samansa, da kwanon ruwa, da wani ɓawon itace mai rami. Ta ɗaga ɓawon. Na ja da baya har na bugi ƙofa.

Mesa ce, amma ba irin ta fadama mai haɗiye akuya ba. Wannan ƙarama ce, tsawonta bai fi hannuna ɗaya da rabi ba, jikinta zanen baƙi da ruwan zuma. Da haske ya same ta sai ta dunƙule kamar gammo ta cusa kanta a tsakiya. A ƙauyenmu na kashe macizai ban san adadi ba, ban kuma taɓa ganin wanda yake jin kunya ba sai ita.

Malama ta ce, "'Yar ƙasarku ce. Daga wajenku aka kawo irinta."

Mijinta malamin kimiyya ne, shi ya reni mesar tun tana kamar igiyar takalmi. Shekara ashirin da biyu ke nan. Shi ya rasu shekara shida da suka wuce.

"Tufafinsa na rabar, littattafansa na bayar. Cikin abin da ya bari ita kaɗai ce take numfashi."

Na matso na sake duban mesar.

Daga nan ta kai ni gareji ta buɗe wata ƙaramar firiza. Ɓeraye ne farare manya, kowanne a ledarsa, sun daskare kamar itace. Haka ake sayo su, in ji ta, ba a ba ta mai rai don kada ya cije ta. Ɗaya take ci duk bayan kwana goma. Shekaranjiya ta ci, don haka babu damar ta nuna min a aikace. Ta zauna a teburin kicin ta ɗauki farin kati ta fara rubuta min yadda zan yi, da manyan baƙaƙe rarrabe irin na aji. Tana tsakiya sai waya ta yi ƙara, daga asibiti ne. Ta maƙale wayar da kafaɗa tana amsawa tana ci gaba da rubutu. Wuri ya ƙure mata a katin, hankalinta kuma ya rabu biyu, sai hannunta ya koma irin rubutunsa na asali, mai haɗe-haɗe, wanda baƙi yake riƙe da wutsiyar baƙi.

Da ta ajiye waya ta miƙo min. "Karanta min."

Na karanta. Ciro ɗaya. Bar shi a cikin leda. Sa shi a ruwan sanyi har ya narke. Ta tafa hannu sau biyu yadda take yi a aji idan mutum ya burge ta.

"Na ƙasan fa? Ka gane?"

Na dubi layi uku na ƙasa. Kamar tsutsa ta bi ta kan yashi. A tsakiyarsu na hango lamba ɗari tana tsaye, na san ta ta san ni. Fuskar Malama kuma duk murna, ga gajiya, ga tsoron asibiti da take ɓoyewa.

Na ce, "Na gane."

Da na dawo gida na gaya wa matata, tana yanka alayyahu. Ta ajiye wuƙa.

"Maciji, Malam?"

"Mesa ce. Ƙarama."

"Au, ƙarama ce. To alhamdu lillahi. Ka baro ƙasarka, ka tsallako teku, don ka zama kukun maciji."

"Amanar Malama ce."

"Amana kam amana ce, ban ce ka ƙi ba. Amma wallahi ɓera ɗaya ya shigo firizata, kai da shi a mota za ku zauna. Kuma duk ranar da ka je, ka wanke hannu a can kafin ka taɓa min ƙofa."

Tun daga ranar ta sa wa mesar suna uwar ɗakinka.

Ranar ciyarwa ta farko Lahadi ce bayan la'asar. Na ciro ɓera ɗaya, na sa shi da ledarsa a wani kwanon roba shuɗi da Malama ta ware, na cika da ruwan sanyi. Awa biyu ya yi kafin ya saki. Kafin nan na yanke ciyawa, na yi wa motarta duba, na dawo na zauna da katin a gabana.

Kalma uku na iya tsinta a layin ƙasa. Ta farko lambar nan ɗari, da wani ɗan baƙi a gefenta mai kama da F wanda ban ba shi muhimmanci ba. Duk wanda ya yi aikin manyan motoci a ƙasarmu ya san ɗari. Idan allura ta kai can, lagireto ta tafasa ke nan. Na sha ji a rediyo a nan ana cewa zafin gari ya kai casa'in, amma ban taɓa haɗa wannan da ruwa ba. A kaina lissafin iska daban, na ruwa daban, ruwa kuwa a ɗari yake tafasa. Ta biyu kalmar jariri ce, baby. Wannan ba ta ba ni wahala ba, don mutanen nan har kare suna kiransa haka, na ce mesar take nufi. Ta uku gajeriya ce, ta fara da w ta ƙare da t. Na juya ta, na sake juyawa, sai na ce ai wait ce, wato jira. Mun yi ta a aji.

To magana ta fito. A tafasa ruwa, a sa ɓera, a jira, a ba jaririya. Har na ji daɗin kaina.

Na dafa ruwa a butar shayi na juye a kwanon. Leda ta yamutse, kwanon ya lanƙwashe ta gefe ɗaya, ɓeran ya kumbura, cikinsa ya tsage. Warin da ya tashi ban san da me zan kwatanta shi ba. Na buɗe taga, na jira har ya huce sarai, don a ganina abin da Malama ta ce ke nan. Sannan na kama shi da dogon awartakin da ke rataye a jikin kanta, na zura a akwatin.

Mesar ta leƙo daga ramin ɓawo. Ta fitar da harshe sau uku, ta mayar da kai.

Na jira. Haƙuri dai ina da shi, shi ne abin da ko maƙiyina ba zai hana ni ba. Na tsaya da awartaki a hannu har kafaɗata ta yi tsami, har lokacin magariba ya gabato. Ba ta sake fitowa ba. Na ce baƙunta ce, ba ta san warina ba. Na binne ɓeran a bayan gareji.

Kwana uku bayan haka 'yar ƙanwar Malama ta kira ni. Ita ce danginta na kusa. Ta ce tiyata ta yi kyau, amma daga baya ɓarin jikin Malama na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Ba a barin kowa ya gan ta sai dangi. Ta tambaya ko zan iya ci gaba da kula da gidan. Ita tsoron macijin take ji, ko ɗakin ba ta shiga. Na ce zan iya.

Mako biyun nan suka zama goma.

Na ce wataƙila ɓeran bai nuna ba ne, ruwan bai ratsa shi ba. Kunya ta hana ni sa ɓera a tukunyar da Malama take girki, sai na ɗauko wata tsohuwar tukunya daga ƙasan kantar kicin ɗinmu, na sa a bayan mota. A cikinta na dafa na biyu, ya tafasa sosai. Ta ƙi. Na uku na rage masa lokaci. Ta ƙi. Na huɗu na bar mata shi a bakin rami na koma washegari bayan aiki, na tarar da shi yadda na ajiye, ita kuma ta koma can ƙarshen akwatin.

Ranar wata Juma'a matata ta tsare ni.

"Malam, ina ƙaramar tukunyata mai hannu ɗaya?"

Na yi kamar ina neman makullin mota.

"Wadda na zo da ita daga gida. Wadda nake dafa ƙwai."

"Na ara."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta zauna a kujera a hankali.

"Kada ka faɗa. Don girman Allah kada ka faɗa min abin da aka dafa a ciki."

"Zan wanke ta da kyau."

"Ka bar wa uwar ɗakinka, na ba ta gudummawa." Ta gyara zama. "Tana dai ci?"

"Ba ta ci."

"Tun yaushe?"

"Tun da Malama ta tafi."

"Ba ta bar maka bayani ba?"

"Ta bari. Na karanta."

Na ga bakinta ya motsa zai ce kawo in gani, sai ta haɗiye. Ta san alkawarin da na yi wa kaina ko da ban taɓa faɗa mata ba. Ta tashi ta ci gaba da aikinta.

Katin yana aljihuna kullum. Lokacin hutun cin abinci a sito nakan fito da shi in yi ta kallon layi ukun nan. Na san akwai kalmomin da na tsallake. Na san wayar da ke hannuna ma za ta iya taimaka min, ko wani cikin abokan aiki. Amma na riga na ce wa Malama na gane, kuma a raina ina ganin in na nemi wani ya karanta min, tafin nan biyu da ta yi min na sata ne.

Ganyen itatuwa suka yi ja suka fara zuba. Mesar ta fara ramewa. A da bayanta a mulmule yake, yanzu ƙashin tsakiya ya fito kamar kunyar gona, fatar gefenta ta yi laushi. Na daina jin tsoronta ban san ranar da na daina ba. Nakan canza mata ruwa, in share akwatin, in jawo kujera in zauna. Da Hausa nake yi mata magana tunda an ce 'yar ƙasarmu ce. Nakan ce, "Haba baiwar Allah, ki taimake ni. Ni ma ba a nan aka haife ni ba, amma ga shi ina cin abincinsu." Wata rana na sa hannu na ɗauke ta. Ba santsi gare ta ba yadda nake zato, a bushe take, da sanyi-sanyi. Ta naɗe a hannuna ta kwantar da kai daidai inda agogona yake, ta daɗe a wurin. Na ɗauka sabo ne. Ban san ɗumi take bi ba.

Na biyar da na shida ma haka suka bi, bayan gareji.

A mako na goma aka mayar da Malama gidan jinya inda ake koya wa mutum tafiya da magana, aka ce ana iya zuwa dubiya. Matata ta ce da ita za a je. Ta yi farfesun kaza marar yaji ta zuba a kula. Muka kama hanya. Tunanina ɗaya, in Malama ta tambaye ni, me zan ce? In na ce lafiya lau, na yi ƙarya ga marar lafiya. In na faɗi gaskiya, na gaya mata abin da mijinta ya bari yana mutuwa a hannuna.

Mun same ta a keken guragu a bakin taga, an rufa mata bargo a ƙafa, ga kofin shayi a gefenta. Ta ƙara ƙanƙancewa. Bakinta ya karkace, hannun dama yana kan cinya kamar ba nata ba. Matata ta saba da irin wannan a wurin aiki. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta gyara mata matashi, ta goge mata gefen baki ba tare da ta sa ta jin kunya ba.

Malama ta dube ni. Ta ɗaga hannun hagu ta yi alamar abu mai tafiya a karkace.

Na ce, "Tana nan da rai, Malama. Amma ba ta ci ba. Ko sau ɗaya."

Idonta ya tsaya a kaina. Na ciro katin, duk ya yi laushi don zama a aljihu.

"Ranar nan na ce miki na gane. Ban gane duka ba. Bari in karanta miki yadda na karanta."

Na karanta na sama lafiya. Da na zo ƙasa na ce ɗari, ruwa ya tafasa. Ta yi wani sauti a maƙogwaro. Na ce jira. Ta girgiza kai da ƙarfi, har na ji tsoro. Bakinta yana ta ƙoƙari, kalmar ta ƙi fita. Sai ta miƙo hannun hagu ta kama nawa, ta juya shi tafin yana sama. Ta tsoma yatsa a kofin shayin nan da ya fara hucewa, ta ɗiga min ɗigo ɗaya a wuyan hannu, wurin da fata take da laushi.

Ba zafi, ba sanyi. Na san wannan ɗumin. Lokacin da aka haifi autarmu a nan, matata tana aikin safe, ni nake ba ta madara a bulumboti, kwalbar shayar da jariri. Sau nawa na tsaya a kicin ina ɗiga wa wurin nan madara kafin in sa mata a baki?

Ni da matata muka faɗa tare, "Bulumboti."

Na miƙa wa matata katin. Takarda ta farko ke nan cikin shekara guda da wani abu. Ta duba, amma ba ta karanta min ba. Ta dawo da shi gabana, ta sa babban yatsa ta rufe kalmar, ta riƙa buɗe min baƙi ɗaya-ɗaya.

"Wannan fa?"

"W."

"Na biye?"

"A."

"Sake dubawa, Malam. A tana da ciki. Wannan yana da ciki?"

Ba shi da ciki. R ne. Sai i, sai s, sai t. Na haɗa su na furta da w ɗin a gaba, ya fito wani iri. Matata ta ce na farkon ba a faɗarsa, tsayawa kawai yake yi. Wrist, wuyan hannu. Ɗarin kuma irin ta mutanen nan ce, ɗan F ɗin nan da na raina shi yake faɗar haka, kuma ɗarinsu ɗumin jikin mutum ce da ɗan ɗori. Da na san abin da nake nema sai sauran kalmomin suka fara buɗewa. Na yi minti goma a kan layi uku, matan nan biyu ba wadda ta tanka. Ruwa mai ɗumi, wajen ɗari. Gwada a wuyan hannu kamar madarar jariri. Ba ta tun da ɗuminsa, da ɗumi take gane abinci.

Na ce, "Malama, dafa su na yi. Shida. Biyar a tukunya."

Matata ta ƙara da nata Turancin, "A tukunyata."

Kafaɗun Malama suka fara rawa. Na zaci kuka ne. Dariya ce, da rabin fuska, hawaye yana zuba ta ido ɗaya. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo da sauri, ta ce tun da aka kawo ta ba ta ji muryarta haka ba. Da dariyar ta lafa Malama ta nuna katin, ta nuna ni, ta bugi hannun kujera da tafin hagu sau biyu.

Daga can Pleasant Garden muka wuce. Matata ta ce ita a mota za ta zauna. Na sa ɓera a ruwan sanyi. Bayan awa ɗaya sai ga ta a kicin, wai ƙishirwa take ji. Da ya narke na matsa cikinsa ta bayan leda, babu sauran ƙanƙara. Na tari ruwan ɗumi daga famfo a wani kwano, na ɗiga a wuyan hannu.

"Kawo in ji," in ji ta. Ta naɗe hannun riga. "Wannan ai sai ya ƙona bakin yaro. Sirka."

Na sirka.

"Yauwa. Ashe haka ka riƙa ba 'yata madara da zafi ina wurin aiki?"

"Ga ta nan ta girma har ta fi ki tsawo."

Muka bar shi minti goma sha biyar, na canza ruwan sau ɗaya da ya fara hucewa. Na fitar da shi daga leda, na goge shi, na taɓa shi a wuyan hannuna. Ɗumi kamar yanzu ya daina numfashi. Na kama shi da awartaki na nufi ɗakin baya da sauri. Matata ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje.

Na ce bismillah na zura. Na ɗan motsa shi a gaban ramin.

Harshe ya fito. Kai ya biyo. Wannan karon ba ta koma ba. Wuyanta ya lanƙwashe ya tsaya cak, ta yi kamar ba ta numfashi. Ban ga lokacin da ta kawo sara ba, sai dai na ji awartaki ya yi sauƙi a hannuna, ita kuma ta naɗe ɓeran ta matse. Matata ta yi salati da ƙarfi ta riƙe ƙofa, amma ba ta gudu ba. Muka tsaya muna kallo har ta nemo kan, ta fara haɗiya a hankali, har wutsiya ta shige. Ta yi hamma ta gyara muƙamuƙinta, ta ja jiki ta koma rami.

"Sannu," in ji matata, ban san ko da ni take ko da ita ba. "Je ka wanke hannu."

Malama ba ta koma gidanta ba. Maganarta ta dawo kaɗan-kaɗan, tafiya ma da sanda, amma hannun dama bai tashi ba. Da bazara aka sayar da gidan, ta koma kusa da 'yar ƙanwarta. Mesar tana falonmu yanzu a Greensboro, akwatinta da kwaɗo, firizarta daban, bisa sharaɗin matata. Ta mayar da jikinta, ta yi saɓa sau da yawa tun daga lokacin. Duk wata nakan je in karanta wa Malama abin da ya samu, in na tsaya a kan kalma ta jira ni. Hausa kuwa da na gwada rubuta ta sai na ga ba ta da wuya, don babu baƙin da yake tsayawa a gaba ya yi shiru. Katin yana cikin leda a aljihun tebur. 'Yar ƙanwarta ta ce ba ta san wani abu da Malama ta rubuta bayansa ba.

Abin da aka rasa a shekarar nan: ɓeraye shida, kwanon roba shuɗi ɗaya, tukunya ɗaya mai hannu ɗaya, mako goma na cikin mesa, da rubutun hannun Malama.